Sayen injin goge fentin mota na farko: tambayoyi da amsoshi ga mutanen Zariya

Waɗannan su ne tambayoyin da masu mota da samari masu wankin mota suka fi yi idan zancen injin goge fenti ya taso. An amsa su ne da la'akari da halin da muke ciki a Zariya: ƙurar hunturu, ranar bazara, wutar da ba ta da alƙawari, da motocin Beljiyam da yawancinsu an taɓa yi musu fenti kafin su zo hannunmu.

Wai me injin yake yi wa fenti? Mai yake shafa masa ya yi ƙyalli?

A'a, kankare shi yake yi. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: faraima a kan ƙarfe, launi a kan faraima, sai kiliya a sama, wato wannan garai-garai ɗin da ke ba da sheƙi yana kuma tare wa launi zafin rana. Fentin kamfani gaba ɗayansa yakan kama daga maikiron 100 zuwa 180, kiliya kuwa rabonta a ciki bai wuce 35 zuwa 50 ba. Takardar rubutu guda ɗaya ta kai wajen 100. Ka ga ke nan abin da za ka ɗora wa inji bai wuce rabin kaurin takarda ba.

Idan ka tsaya gaban baƙar mota da tsakar rana za ka ga ƙananan zane sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Ƙarce ne a jikin kiliya, su ne suke watsa haske fenti ya dushe. Injin yana cin saman kiliya kaɗan-kaɗan har ya daidaita da gindin ƙarcen, shi ke nan haske ya dawo. Amma abin da ya ci ya tafi, kiliya ba ta tofowa. Shi ya sa masu sana'ar suke cewa kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinta a duk tsawon rayuwar motar. Duk shawarar da za ta biyo baya daga nan ta samo tushe.

To wane iri zan saya? Na ga masu fenti a garejin Sabon Gari duk babban nan mai hannu suke amfani da shi.

Wancan shi ne rotari. Faifansa juyi ɗaya yake yi a kan ƙusa ɗaya, daga wajen juyi 600 zuwa 3,000 ko fiye a minti, kamar Makita 9237C ko DeWalt DWP849X. Yana da ci, yana da sauri, kuma mai fentin da ya gama bin sabon fenti da samfefa ba shi da abin da ya fi shi. Sai dai zafi yake tarawa wuri guda. Ka ɗan karkata hannu a kan gefen ƙofa, ko hankalinka ya tafi ga wani da ya yi maka sallama, kafin ka waigo launi ya fito a jikin soso. Ko a hannun wanda ya iya, yakan bar wani zane mai walƙiya da ke bin mutum idan yana zagaya motar a rana. Ka lura da baƙaƙen motocin da aka fito da su daga wurin fenti, da yawa za ka gan shi a jikin ƙofofinsu.

Na biyu shi ne wanda za ka ga an rubuta DA a kwalinsa, wato "dual action", mai motsi biyu. Faifansa yana juyawa, yana kuma kai-komo a ɗan da'ira a lokaci guda, saboda haka ba ya murza wuri ɗaya har ya yi zafi. Idan ka danna shi da yawa ko ka karkata shi, juyin sai ya tsaya, ya koma rawa kawai. Wannan tsayawar ita ce take ceton fentin mai koyo. Akwai na uku da giya ke tilasta wa faifansa juyawa, irin Flex XC 3401, ba ya tsayawa ko an danna. Yana da kyau, amma yana jan hannu kuma yana da tsada.

Ni dai shawarata ga duk wanda bai taɓa riƙe inji ba: DA. Aikin zai ɗauke ka lokaci fiye da na mai rotari, amma da wuya ka kai motarka wurin mai fenti saboda shi. Wanda kuma yake zaman koyo a gareji, maigidansa na tsaye a kansa, wannan ya koyi rotari, domin shi ne abincinsa.

Ina da giranda ta walda a gida. In na sa mata soso ba za ta yi ba?

Kada ka soma. Ƙaramar giranda tana yin juyi 10,000 zuwa 12,000 a minti, kuma yawancinsu ba su da maɓallin rage gudu. Soson zai yage, fentin ya ƙone nan take. Garin neman gira ne a rasa ido.

Me ake nufi da 8, 15 da 21 da nake gani a tallar DA?

Faɗin kai-komon faifan ne a milimita. Mai 8 ko 9 yana da sauƙin sarrafawa, yana shiga lungu, kuma yawanci kana iya sauya masa faifai daga babba zuwa ƙarami. Mai 15 ya fi shi ci da sauri, jijjigarsa ma ba ta kai tasa ba idan injin kirki ne. Mai 21 na faffaɗan jiki ne, kamar gefen bas ko rufin Sienna, amma a kan ƙaramar mota mai lanƙwasa da yawa sai ya yi ta tsayawa.

Idan motarka kaɗai za ka riƙa yi, Corolla ce ko Accord ko 406, ɗauki mai 8 ko 9 da faifai mai faɗin milimita 125, ka ƙara da ƙaramin faifai na 75 don bamba da ginshiƙan gilashi. Idan sana'a ka sa gaba, mai 15. Kauce wa faifai mai 150 a kan inji maras ƙarfi, nauyin soson kaɗai ya isa ya hana shi juyawa.

Dole ne sai mai tsada?

Ba dole ba ne. Rupes da Flex da Makita su ne manya, kuma kuɗinsu da dala yake tafiya. Akwai na China masu dama-dama da za su yi wa mai mota ɗaya ko biyu hidima shekaru. Abin dubawa shi ne ƙarfinsa ya kai wat 700 ko sama, yana da lambar rage gudu daga 1 zuwa 6, yana tashi a hankali ba da fizga ba, wayarsa tana da tsawo, kuma an haɗo shi da kabon na canji, wato ƙananan gawayin nan da ke kai wuta cikin injin. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi. Ranar da kabon ya cinye, duk mai gyaran giranda zai sa maka wani cikin mintuna idan kana da shi a hannu, idan babu kuwa sai an yi ta neman girmansa.

Rotari ba ya wahalar samu a shagunan kayan aiki na Sabon Gari. DA ne ake ɗan nema, wani lokaci sai an leƙa Kaduna ko Kano, ko a yi oda daga Legas ta intanet. Ko ina ka samo shi, a jona a gabanka. Ka bi lambobin gudun ɗaya bayan ɗaya, ka saurara ko akwai ƙarar gogayya a kansa, ka juya faifan da hannu bayan an kashe ka ji yana tafiya sumul. Akwai kuma wani mai hannu biyu da babban faifai da ake sayarwa da arha, shi kaki kawai yake shafawa, ba ya cire ƙarce ko ɗaya. Araha ba ta ado.

Yayana da ke Amurka ya ce zai aiko min da shi. Akwai matsala?

Akwai, ta wuta. Tasu bolt 120 ce, tamu 230. Injunan da suka yi suna a can, irin su Porter-Cable 7424XP, da wutarsu aka yi su, kana jona shi kai tsaye ya ƙone. Ko dai ka nemi taransifoma mai sauke wuta wadda ƙarfinta ya ninka na injin, ko ka ce wa Yaya ya nemo wanda aka rubuta 220 zuwa 240 a jikinsa. Na Ingila da Turai da Dubai duk suna daidai da wutarmu. Gaskiya jan taransifoma kana zagaya mota ba daɗi, gara ya aiko da soso da mayuka da tawul, kai ka sayi injin a nan.

Janareta zai ɗauka?

DA yakan ja wat 500 zuwa 1,000, rotari wajen 1,200. Ƙaramin janaretan nan na shago ba zai yi ba, za ka ji injin yana nishi da zarar ka danna. Mai kVA 2 zuwa sama ya wadatar. Idan Nepa ta kawo rabin wuta, haƙura ka jira, don raunin wuta yana sa injin zafi. Wayar ƙari kuma ta zama mai kauri, ka warware ta gaba ɗaya daga naɗinta.

Malam, ni mace ce, kuma ni nake kula da motata. Ba zai fi ƙarfina ba?

Ba zai fi ba, Hajiya. Nauyin DA kilo biyu zuwa uku ne, kuma aikin ba na ƙarfi ba ne, na haƙuri ne. Abu ɗaya dai: ki ɗaure mayafi da bakin hijabi sosai, kada wani abu ya yi lilo kusa da faifan. Haka ma mai babbar riga ya cire ta tukuna.

Ban da injin, me zan haɗa?

A nan ne mutane suke kuskuren lissafi. Sai mutum ya zuba duk kuɗinsa a inji, ya dawo gida da soso ɗaya da tsohuwar singileti. A ganina rabin kuɗin na inji ne, rabin na sauran kaya.

Kana buƙatar bokiti biyu da sabulun mota na ainihi, da safar wanki mai laushi. Kana buƙatar yumɓun share fenti, salatif na takarda irin na masu fenti, tocila mai farin haske, buroshin share soso, da sifirit mai isopropyl wanda za ka sirka da ruwa, kashi ɗaya nasa kashi huɗu na ruwa. Sai tawul na maikirofaiba, aƙalla goma, ka yanke musu lakabin da ke gefe don yana ƙarce. Sai man gogewa iri biyu, mai ci da mai laushi, da abin kariya na ƙarshe. Ƙananan kwalabe sun isa, ta mililita 250 za ta gama mota har ta yi saura, babbar kwalba kuwa zafin Afrilu zai raba mata ruwa da gari kafin ka kai rabi.

Soso nawa, kuma wane launi?

Kada ka bi launi, kowane kamfani da nasa tsarin. Rawaya a wurin wannan mai laushi ne, a wurin wancan mai tauri. Karanta abin da aka rubuta, ka kuma matsa da yatsa. Iri uku ne: mai tauri na cire ƙarce, matsakaici na gogewa, mai laushi na ƙarasawa. Na gashin tumaki ya fi kowanne ci, a bar shi sai hannu ya faɗa.

Yawan kuwa, sayi huɗu na matsakaici, uku masu tauri, biyu masu laushi. Dalili shi ne soso yana cika da busasshen mai da garin kiliyar da ya ci, ya yi zafi ya yi laƙwas. Daga nan ba ya gyara, ɓatawa yake yi. Ka share shi da buroshi bayan kowane yanki, ka sauya shi bayan ƙofa biyu. Da yamma a wanke su da ruwan ɗumi, a kife su a inuwa.

Wane mai ne mai kyau? Mai fentinmu G3 kawai ya sani.

Farécla G3 tsohon abokin masu fenti ne, kuma a kan rotari da ɗan yayyafin ruwa yana aikinsa. Ga mai DA akwai waɗanda suka fi dacewa: Meguiar's M105 da M205, ko Ultimate Compound nasu da aka yi don mai koyo, Menzerna 400 da 2500 da 3800, inda ƙaramar lamba ta fi ci, ko Koch Chemie H9 da F6 da M3. Zaɓi gida ɗaya ka saba da shi.

Yi hattara da man da ke ba da ƙyalli nan take. Wasu ba sa cire ƙarce, cike shi suke yi da maiƙo, wanki biyu sai komai ya dawo. Hanyar ganewa ita ce ka fesa sifirit ɗin nan a inda ka goge, ka share, ka haska tocila. Abin da ka gani bayan haka shi ne gaskiyar aikinka.

Motata 'yar Beljiyam ce. Yaya zan san ko an taɓa yi mata fenti?

Akwai ƙaramar na'urar auna kaurin fenti, kuma ga mai sana'a ta zama wajibi. Ka ɗora ta a wurare da dama a kowane ɓangare. Idan mota tana nuna maikiron 110, 120, sai wata ƙofa ta nuna 300, an sake mata fenti. Idan ta haura 1,000, fila ce a ƙasa, wato abin da masu fenti ke cike lotsawa da shi. Wurin da ya nuna ƙasa da 80 kuwa wani ya riga ka ci, ka bi shi da mai laushi kawai. Irin wannan na'urar ba ta karanta bamba ta roba.

In ba ka da ita, buɗe ƙofa ka bi gefenta da yatsa ko za ka ji kaushin fesawa, ka duba ko fenti ya taɓa robar gilashi, ka kwatanta launin ƙofa da na kusa da ita a rana. Fentin gareji ba shi da tabbas, wani ya yi kauri amma laushi, wani an yi masa rowar kiliya.

Wani gwajin kuma: ɗiga man gogewa a farin ƙyalle ka murza wani ɓoyayyen wuri. Idan launin motar ya fito a ƙyallen, fentin ba shi da kiliya, kamar na tsofaffin Peugeot 504 da wasu fararen Toyota. Irin wannan yana goguwa da kyau, sai dai yana cika soso da sauri.

Rufin motata da bonet sun yi fari-fari suna ɓarewa. Inji zai gyara?

Ba zai gyara ba. Kiliyar ce rana ta kashe, babu abin da za a goge. Wannan sai mai fenti.

Ƙarcen da ɗan acaɓa ya yi min a Kwangila fa?

Ja farcenka a kansa. Idan bai maƙale ba, zai fita. Idan ya maƙale, ko kana hango fari ko toka-toka a ciki, ya wuce kiliya. Za ka iya rage masa kaifi ya daina ɗaukar ido, amma kada ka nace sai ya ɓace. Sau da yawa ma abin da ke wurin fentin ɗayan ne ya manne a kan naka, wannan man gogewa da hannu ma yana cire shi. Samfefa mai lamba 2000 ko 3000 da ake bi da ruwa tana da wurinta, amma ba a motarka ta farko ba.

Yaya ake farawa?

Da wanki, kuma wankin ya fi gogewar muhimmanci. Ƙwayar yashi ɗaya ta shiga soso, za ta zana maka ƙofa gaba ɗaya. Kwarara ruwa sosai tukuna, musamman ƙasan ƙofofi inda jar ƙasa ke taruwa. Bokiti ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye safa. Bayan ta bushe, sa hannunka cikin leda ka shafa bonet. Idan ka ji ƙurji-ƙurji, bi da yumɓu da ruwan sabulu har ya yi santsi. Yumɓun da ya faɗi ƙasa an yar da shi ke nan. Sai ka rufe baƙaƙen robobi da tambarin mota da salatif.

Sannan zaɓi yanki ɗaya a kan bonet, kamu biyu a kamu biyu, ka fara da mai laushi da matsakaicin soso. Ɗigo huɗu girman ƙwayar wake. Dangwala soson a wurin kafin ka kunna, in ba haka ba man zai fantsama har gilashin maƙwabci. Baza shi a lamba 1 ko 2, sai ka kai 4 ko 5. Rataya wayar a kafaɗa. Soson ya kwanta daidai, hannu ya tafi a hankali, kusan santimita biyu zuwa uku a daƙiƙa, kowane layi ya hau rabin na baya. Bi daga hagu zuwa dama, ka dawo daga sama zuwa ƙasa, sau uku ko huɗu. Ja layi da alƙalamin maka a bayan faifan: muddin layin yana zagayawa, ana aiki; in ya tsaya yana kakkarwa, ka danna da yawa. Kashe injin yana kan fentin, ka share, ka haska.

Idan ya yi, haka za ka bi sauran motar. Idan bai yi ba, ƙara mataki ɗaya, soso mai tauri tukuna, sannan mai mai ci. Fentin Honda da Toyota yawanci laushi ne da shi, mataki na farko kan ishe su. Na Mercedes da Volkswagen yakan yi tauri. Mota guda tana iya cin yini, har ta kwana.

A ina fenti ya fi ƙonewa?

Gefen ƙofa, kaifin layin jiki, bakin murfin tanki, da bamba, domin roba ba ta watsa zafi kamar ƙarfe. Ka je wurin masu sayar da ɓangarorin mota ka sayi tsohon bonet ko ƙofa mai arha, ka koya a kanta. Ka ma ƙona wani wuri da gangan don idonka ya san yadda abin ke farawa.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a garin nan?

Ba a yi a rana, ba a yi a kan ƙarfe mai zafi. Sa bayan hannunka, in ba za ka iya barinsa a kai ba, jira. A watan Maris da Afrilu daga bayan asuba zuwa hantsi ne lokacinka. Hunturu kuma matsalarsa ƙura: daga Disamba zuwa Fabrairu kana share ƙofa tana sake sauka, iskar kuma tana busar da mai da wuri. In dole ne, shiga gareji ka rufe, ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka share kowane yanki dab da za ka goge shi. Ni na fi son ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba: ƙasa a kwance, kuma kariyar da ka sa za ta tari hunturu. Inuwar dalbejiya tana ruɗi, amma tsuntsaye da abin da bishiyar ke zubarwa ba za su bar ka ba.

Bayan na gama, me zan shafa?

Gogaggen fenti tsirara yake, sai an rufe shi. Kakin karnuba, wanda ake samu daga wata bishiyar Barazil, yana da kyan gani amma zafinmu yana cinye shi cikin makonni. Ruwan kariya na roba yakan kai wata huɗu zuwa shida, shi ya fi dacewa da mai farawa. Ruwan kariya na siramik yana shekaru, sai dai yana son ɗaki maras ƙura, kuma inda ka bar shi ya bushe ba daidai ba sai inji ya cire. Idan sabon fenti ne, bari ya yi kamar wata guda kafin ka rufe shi da komai, ka kuma tambayi wanda ya fesa.

Sau nawa zan riƙa gogewa a shekara?

Gogewa mai ci sau ɗaya ce ko biyu a rayuwar mota, mai laushi kuwa sau ɗaya a shekara ya isa. Abin da ke dawo da ƙarce shi ne busasshen tsumman da ake kaɗe ƙura da shi kowace safiya, da soson buhu, da Omo, da bokiti ɗaya da aka wanke taya da shi aka hau bonet. Ka ba yaron da ke wanke maka safarsa da tawul ɗinsa daban, ka nuna masa da kanka. In ruwan rijiya ko na burtsatse kuke amfani da shi, a tsane motar kafin ta bushe don yana barin tabo. Kashin tsuntsu kuma a jiƙa shi a ɗauke a ranar, domin a zafin bazara yana iya cin kiliya kafin la'asar.